Sha Tara Bisa Ashirin

"Kowa ƙasa! Wanda ya motsa, shi ya so!"

Alkasum ne ya buga tsawar, bindiga a hannu, rawani ya rufe masa fuska sai ido. Ƙarfe biyu na rana ne, lokacin da zafin Agadez ke korar kowa cikin ɗaki. Gardiye, mai gadin wurin, ya zube a bakin ƙofa, butar shayinsa ta kife. Madam Haoua, injiniyar wannan biro, wato ofishin masu neman ruwa, ta kwanta a gindin teburinta, hannu bisa kai.

Su uku suka shigo. Alkasum shugaba. Chaibou, ƙaton da aka ɗauko don ɗaukar kaya. Sai Lukumanu, mai gyaran ordinater, wato kwamfuta, a tsohon gari. Doka ɗaya aka kafa masa tun a mota: kada ya buɗe baki. Rabin garin nan sun san muryarsa. Aikinsa ya nuna da yatsa, Chaibou ya ɗauka.

Ya nuna tablet huɗu da ke jere suna shan kuran, wato wutar lantarki. Chaibou ya kwashe su cikin buhu. Ya wuce wata tsohuwar ordinater ko kallo bai yi mata ba. Sai ya leƙa ƙarƙashin teburin Madam.

Nan ya gan ta. Baƙa, ƙatuwa, tana numfashi a hankali. Irin injin da sai a hoton jaridun Faransa yake gani, ya yi ta shafa takardar. Ƙwaƙwalwa biyu a ciki. Sanyin iskarta na busa masa a ƙafa. Ya manta da bindiga, ya manta da doka, ya manta har da sunan uwarsa.

"Kai! Sha tara bisa ashirin!"

Alkasum ya juyo kamar zai cinye shi ɗanye. Madam Haoua ta ɗan ɗaga kai, ta mayar.

"Ɗauka mu tahi!" in ji Alkasum.

Chaibou ya finciko wayoyi, ya rungumi injin har da ƙaramin disk na ajiyar bayanai da ke ɗore a kanta. Waje! Katkat, motarsu mai ratsa yashi, na jira da wuta. Ƙofofi suka buga—gam! gam!—mota ta cilla.

To, sai an san Lukumanu kafin a gane girman wannan ɓarna. Tun yana lakwal, wato makaranta, cutar ta kama shi. Malamai na ba su maki bisa ashirin, shi kuma ya fito ya ɗora wa duniya. Shayin maƙwabci, sha ɗaya. Tuwon gidan suna, takwas. Kuran ɗin tashar Anou Araren da ke yanke masa aiki sau uku a yini, huɗu, shi ma don darajar ma'aikata. In ka kai masa ordinater gyara, sai ya juya ta, ya saurari kukanta, ya faɗa maka makinta ko ba ka tambaya ba. Kuma abin haushin, ba ya ƙarya. Shi ya sa ake zaginsa, shi ya sa kuma ake komawa wurinsa.

Mai irin wannan baki me ya kai shi fashi? Lambu ne. A shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, damina ta riga ta ƙi. Rijiyar lambun ubansa, Malam Illiya, a Dabaga, ta koma laka. Itatuwan rumman da lemu da tsohon ya dasa tun kafin a haifi Lukumanu suka fara zubar da ganye. Sai an ƙara zurfin rijiyar, sai an sa motopom mai jan ruwa, in ba haka ba lambun ya tafi. Lukumanu kuwa ba abin da ya tara sai sukurori. Ana nan Alkasum, tsohon direban 'yan yawon buɗe ido da aiki ya ƙare masa, ya zauna shan shayi a shagonsa da la'asar. Ya ce akwai mai saye a Dirkou, can cikin hamada, yana son injuna masu kyau, shi kuwa bai san mai kyau da mugu ba. "Kai ido, ni hannu. Rabonka ya isa rijiya biyu." Lukumanu ya ba wannan shawara maki tara bisa ashirin. Duk da haka ya bi.

A biro kuwa, kafin rabin awa Ajidan Alhassan na jandarma ya iso da mutanensa. Ya buɗe littafi yana share zufa.

"Madam, kin ga huskarsu?"

"Ban gani ba."

"Lambar mota?"

"Babu. Amma Ajidan, mutum nawa ka sani a garin ga da zai ga inji tsakiyar hwashi ya ba ta maki?"

Ajidan ya dakata da rubutu. "Nawa ya ba ta?"

"Sha tara."

"Lukumanu!" Ya rufe littafin. "Ordinater tawa shida ya ba ta, ɗan banza, gaban yarana."

Madam Haoua ba ta yi dariya ba. Ta ce masa aikin shekara biyu ne a cikin injin nan, taswirar inda ruwa yake a ƙarƙashin ƙasa. Kwafinta kuma yana cikin ƙaramin disk ɗin da suka haɗa da shi. Motar haƙa za ta iso nan da kwana goma. In babu taswira, ba za ta jira ba, wasu garuruwan na layi.

Su kuwa 'yan fashi sun saki hanya, sun shige wani busasshen kori, hanyar ruwan damina, tsakanin duwatsu, arewa da gari. Alkasum ya kashe mota ya shaƙo wuyan rigar Lukumanu.

"Mi na ce maka? Mi na ce maka game da bakinka?"

"Shef, suɓucewa ya yi. Da ka san abin da ke cikinta..."

"Rufe min baki! A'a, buɗe. Yanzu ne lokacinsa. Gaya min abin da muka samo."

Nan take Lukumanu ya warke. Ya shimfiɗa bargo, ya jera kaya, ya ɗauki tablet ɗaya yana juyawa.

"Wannan ta aikin daji ce. Jikinta da roba, ko ta hwaɗi ba ta hwashewa. Ana ganin rubutunta cikin rana. Amma nauyi gare ta, batir kuma awa huɗu ya kwanta. Sha uku."

Chaibou ya matso. "Ina maɓallanta?"

"Babu. Allo ce, Chaibou. Da wannan alƙalamin ake rubutu a kai."

"To babbar hwa?"

"Babbar ita ce uwar. Alluna su tattaro bayani, ita ta yi tunani. Abin da tawa ke yi a yini, wannan kahin ka sha kohin hwarko ta gama. Aibinta ɗaya, cin wuta. Shi ya hana ta ashirin." Ya juya ga Alkasum. "Amma ba a kai su Dirkou haka. Sunan masu su na ciki. Sai an wanke su tas, kamar dai allo, a kawar da tsohon rubutu."

Chaibou ya gyaɗa kai da ƙarfi. Wannan kam ya gane.

Rana ta hana ganin komai sosai, sai Lukumanu ya ɗauki tablet ɗaya ya zagaya inuwar wani dutse. Ya kunna. Jerin sunaye ya fito, a samansa an rubuta Dabaga. Ya sa alƙalami ya gangara. Na ɗaya. Na biyu. Na uku. Na huɗu: lambun Illiya, foraj, wato rijiyar burtsatse, kyauta, wurin haƙa da zurfi suna cikin babbar inji.

Ya karanta sau uku. Ashe rijiyar da ya fito fashi dominta tana kan hanya da ƙafarta, shi ne ya tare ta da bindiga.

"Shef!" Lukumanu ya kira. Alkasum ya zagayo. "Shef, na sake dubawa. Babbar nan ba ta da amfani. Tsohuwa ce. Uku bisa ashirin. Mu aje ta bakin hanya, masu ita su tsinta."

Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya yi ƙaryar maki, kuma bai iya ba.

"Ɗazu sha tara, yanzu uku?" Alkasum ya gyara riƙon bindiga. "Wa ka yi ciniki da shi bayan idona?"

"Wallahi ba kowa. Lambun babana ne a ciki..."

"Lambu a cikin inji? Ni za ka mayar yaro?"

Suna cikin haka Lukumanu ya ji wani sauti da bai kamata a ji ba a korin da ya shekara bai ga ruwa ba. Shaaa! Ya zabura da gudu.

Chaibou ne tsugune, hannun riga a naɗe. Ya ɓalle murfin babbar inji da wuƙa, ya zuba mata garin sabulu, ya dirje ciki da yashi da tsumma. Ƙaramin disk na jiƙe a cikin kwanon shayi. Bido biyu, wato jarkokin ruwan hanya, sun ƙare, yana juye na uku.

"Na hwara da uwar," in ji shi, yana murmushi. "Dubi yadda take walƙiya."

Lukumanu ya durƙusa cikin kumfa. Ko ihu ya kasa.

Alkasum ne ya yi ihun, amma ba don inji ba. "Ruwana! Ruwan Dirkou, jaki!" Ya fizge bidon da ya rage rabi, ya tattara tablet, ya nuna su da bindiga. "Ku zauna nan ku yi wanki. Ni na tahi." Katkat ta tashi ta bar su tsaye.

Bai yi nisa ba. Rabin bido ba ya kai mutum Dirkou. Bayan kwana biyu ƙishi ya karkato da shi wata rijiya, sojoji kuwa sun yi sansani a bakinta tun farkon fari. Suka kama shi, ko harbi ɗaya ba a yi ba.

Lukumanu bai jira an zo nemansa ba. Ya naɗe rawaninsa gammo, ya ɗora injin a ka, ruwan sabulu na bin wuyansa. Chaibou na biye da kwanon shayi yana tambaya ko bai ɗauraye da kyau ba ne. A bakin hanyar Dabaga suka ci karo da motar jandarma.

"Tsaya! Hannu sama!"

"Ba zan iya ba, Ajidan, za ta hwaɗi! Ku kai ta wurin Madam. Kada a kunna ta! A ciro disk a shanya a inuwa. Don Allah kada a kunna!"

Aka bi maganarsa, don ko ɗan fashi ne ya san aikinsa. Sai da aka aika disk ɗin Yamai, kuma aka ceto taswirar. Amma wata biyu aka yi ana ceton. Motar haƙa ta zo, ta kwana huɗu, ta wuce kudu. Lambu goma sha ɗaya ne a jerin nan na Dabaga. Ba wanda ya ga foraj a wannan shekara.

Alkasum ya samu shekara goma sha biyar. Chaibou bakwai, kuma har yau bai gane laifin wankin ba. Lukumanu biyar, saboda ya dawo da kaya da kansa.

Bayan watanni Malam Illiya ya zo gidan kaso. Ya rame, amma rawaninsa tsaf. Ya zaro rumman guda daga aljihu, ƙarami, fatarsa ta yamutse, ya ajiye tsakaninsu.

"Na ƙarshe ke nan. Itatuwan mun sare, an yi gawayi."

Lukumanu ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan gwiwarsa.

"An ce min komai sai ka ba shi maki," in ji tsohon a hankali. "To ci. Shekara arba'in na yi ina ba itacen da ya haife shi ruwa. Ci ka gaya min nawa ya samu."

Lukumanu ya ɗauki rumman ɗin da hannu biyu. Ya buɗe baki, lamba ta ƙi fita. Har aka buga ƙarfen tashi yana riƙe da shi.