Ruwan Farko Daga Indararon Gide

Gide ɗan garuwa ne a Ƙanƙara. Yana zaune da matarsa Hajaratu, da Goggo ƙanwar ubansa, da ɗiyarsa ɗaya, Ikhlas. Abin da suka rasa shi duk garin ya rasa: ruwan rani. Da damina ruwa ya cika kwatoci, ya ci katangu, ya wuce; da bazara a yi ta faɗa kan jarka ɗaya.

Yana da kududdufin gado inda kwatocin gari ke zubawa, amma kafin a gama sussuka ya ƙafe. Haushi ya kai shi wurin wani boka a dajin Sabuwa. Ya iske shi gindin tsamiya mai ɗaure da jan ƙyalle, ga tukwane bakwai a kife, ƙasa ta yi baƙi da jini.

"So nike ruwana ya bar tafiya."

"Zai zauna," in ji boka, "amma sai wani ya ɗauki ƙishirwar. Duk shekara ka tari ruwan farko daga indararonka, ka ba na gidanka ya sha."

"Akuya fa? Ai ta gida ce."

"Kar ka raina mani wayo! Mutum. Ranar da aka ƙi sha, ƙishirwar taka ce."

Kududdufi ya zauna. Tankokin ruwa suka riƙa zuwa saye har daga Faskari. Hajaratu ta sha a shekarar farko. Ta rasu leɓe a tsage, randa cike a gefenta. Goggo ta sha a ta biyu. Ta haukace, tana lasar bango. Gide ya gina bene. Wallahi ko hawaye bai yi ba.

Shekara ta uku, ya miƙa wa Ikhlas moɗa.

"Baba, ai ba a shan na farko. Wankin rufi ne."

"Sha, na ce!"

"Inna ta sha. Goggo ta sha. Kai ba ka taɓa sha ba."

Ta kifar da moɗar.

Cikin kwana uku kududdufi ya ƙafe tas, alhali sama na ta zuba. Aka tsinci Gide matacce a tsakiyarsa, bakinsa cike da laka.

Ku ji tsoron Allah, 'yan'uwa. Mai kwaɗayin da ya je wurin boka, da mutanen gidansa yake biya.

Ikhlas tana da shekara tara. Ta gane ubanta ya san abin da ke cikin moɗar, kuma ya miƙa mata.