Zare da Tsirkiya

Tun da hantsi Auta ta baje shafukan a kan kafet ɗin falo, ta danne kowanne da abin da hannunta ya kai: kofi, rimot, almakashi, har da takalmin Umma ƙafa ɗaya, don kada fanka ta watsa su. Gwajin bugu ne na mujallar da za ta ba ta damar kammala karatu. Su biyu malamarsu ta haɗa a aikin. Ita ke da shafukan ado da sutura, Edita kuma ke da shafukan kiɗa da tsara fasalin mujallar a kwamfuta. 'Yan aji ne suka laƙaba masa sunan, saboda ko saƙon waya ka tura masa sai ya gyara maka waƙafi. A wajen gardamar sunan mujallar suka fara faɗa, da suka tsaya a kan Zare da Tsirkiya kuma sai faɗan ya rikiɗe ya zama wani abu dabam. Gida an sani. Abba ma ya ce in sun gama karatu yaron ya turo manyansa.

"Umma, fulis duba min. Jan rubutun nan bai cika ihu ba?"

"Ni ina na san rubutu mai ihu?" in ji Umma tana ninke wanki. "Ke dai miƙo min takalmina, kafin Abbanku ya tarar kin mai da masa falo kasuwa."

Ko rufe baki ba ta yi ba ya yi sallama. Tabarau ya manta ya dawo ɗauka daga shagonsa na kayan gini. Ya tsallake shafukan yana dariya.

"Manyan 'yan jarida. To, a nuna wa tsoho."

Auta ta miƙa masa bangon da hannu biyu, zuciyarta fal alfahari. Wani dattijo ne a zaune, jita a kan cinyarsa, sanye da shuɗiyar riga da ita ta zana ta ɗinka, da zaren azurfa a wuya. Akwai tsohon tabo a girarsa ta hagu. A ƙasa an rubuta: Baba Mai Jita, yatsun da suka ƙi tsufa.

Abba ya sa tabarau. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa kamar an kashe fitila.

"Wa ya kai ki wurin mutumin nan?"

"Malamin Edita ne, a wurinsa yake koyon jita. Shi ne babban labarinmu, Abba. Ni na auna shi, na—"

"Ya gaya miki ko shi wane ne?"

Umma ta taso ta leƙa takardar, sai ta dafe baki, idonta ya tafi ƙofar ɗakin Kaka, mahaifiyar Abba, wadda gani ya yi wa ƙaranci amma kunne bai yi ba. Abba ya rage murya, kuma wannan ya fi tsawa tsoratar da Auta.

"Ƙanena ne, ciki ɗaya. Ko in ce a da ƙanena ne. Hoton nan ba zai fito ba, ƙafarki kuma kada ta sake taka wurin. Yaron nan ki tambaye shi ko ya sani. In ya sani ya kai ki, to ya manta hanyar gidan nan."

Ya ajiye bangon a kife ya fita.

Auta ta tashi a gidan ba ta taɓa jin tana da Baffa ba. A kicin Umma ta ba ta labarin da raɗa. Lokacin da kakanta namiji ke jinyar ajali, ƙanen Abba yana yawon wasa gari gari da 'yan ƙungiyarsa. An aika masa, ya ce sai ya gama wasan da ya karɓa. Tsohon ya yi ta kiran sunansa har ya cika. Da ya iso an riga an rufe shi, Abba ya tare shi a ƙofa ya ce tunda kiɗa ya zaɓa, ya je kiɗa ya zama danginsa.

"Ya tafi, bai dawo ba. Kakarki ta yi kuka har ta gaji ta yi shiru. Kada ki kuskura ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauki a sake raba ta da shi ba."

Washegari ta tarar da Edita a ɗakin kwamfutocin makaranta, ya buɗe shafin tsakiya yana matsar da hoto gefe kaɗan kaɗan. Ta ja kujera ta zauna ba gaisuwa.

"Ka san Baffana ne?"

Hannunsa ya tsaya a kan maus.

"Ranar da kika auna shi ya tambayi sunan mahaifinki," ya ce a ƙarshe. "Bayan kin tafi ya kasa riƙe jita. Ya roƙe ni kada in faɗa, ya ce yana so ya ƙara ganinki ko sau ɗaya ba tare da kin guje shi ba. Sori, Auta. Na rasa yadda zan yi."

"Sai ka bar ni na ɗauki hotonsa da hannuna na miƙa wa Abba ina washe baki."

"Na ɗauka in ya gan shi zuciyarsa za ta yi sanyi."

"Kai ka ɗauka. Gidanmu ne fa, ba shafin mujalla ba da za ka matsar da wannan nan, ka kai wancan can."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago, ya matso da murya ƙasa ƙasa.

"Akwai hanya. Mu buga bango iri biyu. Na Baba mu ba Malama, wani kuma ki kai gida. Abba ba zai zo makaranta ba."

Ta dube shi. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne yadda zuciyarta ta yi tsalle ta karɓi shawarar kafin hankalinta ya iso. Watanni suka yi a kan aikin nan. Ta yi yawon kasuwa neman yadin da zai ɗauki haske, ta farke wuyan rigar ta sake ɗinkawa har yatsunta suka yi kanta.

"Ka ɓoye min abu, yanzu kuma kana so ni ma in koyi ɓoyewa? A'a. Cire shi. Bangon da hirar duka."

"Auta, shi ne ƙashin bayan mujallar."

"Na sani. Cire shi."

Malama ba ta ɓoye musu komai ba. Ta juya sabon tsarin ta ce mujallar kiɗa da ado da babu mutum a bangonta kamar shago ne ba mai tsaro, maki zai sauka, kuma wa'adin kai wa mai buga littattafai ba zai motsa saboda su ba. Suka koma suka zauna tebur ɗaya kamar baƙi. Ya cike gurbin hirar da tarihin kayan kiɗa, ita ta ɗauki hoton riguna a jikin 'yar tsana. Maganarsu ba ta wuce "ƙara girman kanun nan" da "launin ya yi duhu". In ya kira ta bayan an tashi ba ta ɗauka, sai ta kifa wayar ta shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji kukanta.

Mafi wuya shi ne kai wa Kaka shayi. Tsohuwar takan riƙe hannunta ta ce, "Takwarar rigima, muryarki ta canza. Ko angon nawa ne ya yi miki kishiya da kwamfuta?" Auta sai ta yi dariyar dole, tana kallon fuskar da ta yi kama da ta dattijon da ta auna wa riga.

Umma ce ta gaya mata Edita ya je shagon Abba da ƙafarsa. Ya tsaya tsakanin buhunan siminti har masu saye suka ragu, sannan ya durƙusa. Tambaya ɗaya Abba ya yi masa, ko ya sani. Ya ce ya sani. Abba ya ci gaba da duba kayansa kamar ba kowa a wurin, har yaron ya gaji ya tafi.

"Da ya ce bai sani ba ai da an wuce wurin," in ji Auta, hawaye na zubo mata.

"Da an wuce," Umma ta ce. "Ke kina son a wuce ta wannan hanyar?"

Ana gab da kai aikin wurin bugu, Auta ta sami Abba yana shan shayin safe. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Abba, na cire hoton, na cire hirar. Ban je ba, ban aika ba. Amma na yi masa alkawarin zan kai masa kwafin farko da hannuna. Ina roƙon izini in je in gaya masa ba zai fito ba, kada ya yi ta jira."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Ni zan kai ki. In tsaya a waje, ki faɗa ki fito."

Ɗakin yana ƙarshen wani lungu, bayan shagon mai gyaran rediyo. Abba ya tsayar da mota a bakin lungun bai kashe ta ba. Auta ta tarar da tsohon a bakin katifa yana shafa wa gwiwarsa magani. Ta gaishe shi, ta buɗe baki ta ce "Baffa."

Ya rufe ido.

"To, an sani ke nan. Hoton ba zai fito ba ko? Kada ki yi kuka, 'yata. Ki bi maganar ubanki, yana da gaskiya. Ni na ƙi zuwa lokacin da ake nemana." Ya ajiye maganin gefe. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Inna tana raye?"

"Tana raye."

Ya gyaɗa kai ya yi ta gyaɗawa. Da ta miƙe ya ce sai ya raka ta, ta hana, ya ƙi. Ya biyo ta yana dafa bango, yana jan ƙafa ɗaya. A bakin lungu ya ɗago ya ga wanda ke cikin motar. Auta ta ga yadda Abba ya ƙura masa ido: ƙanen da ya goya a baya, yau ya fi shi furfura, ya fi shi ranƙwafawa.

"Yaya," in ji tsohon, yana ƙoƙarin durƙusawa gwiwar ta ƙi.

"Shiga mota," Abba ya ce wa Auta.

Suka tafi. Ta madubi tana hango shi tsaye a inda suka bar shi. Ba su kai mahaɗar titi ba Abba ya gangara gefe ya taka birki.

"Me ya ce miki?"

"Ya ce in bi maganarka, kana da gaskiya. Sannan ya tambaya ko Kaka tana raye."

"Bai ma sani ba," Abba ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake. "Gari ɗaya, bai san ko uwarsa na raye ba." Ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga, abin da Auta ba ta taɓa gani ba. Sai ya sa giyar baya. "In mun isa ki kama shi ya shiga. Ki yi a hankali da ƙafar."

Suka ɗauko shi har gida. A ƙofar ɗakin Kaka, Baffa ya yi sallama kawai. Tsohuwar ta saki carbinta.

"Wane ne wannan? Sake faɗa."

Ya sake. Ta miƙo hannuwa biyu tana laluben iska, ya ja jiki ya kai mata fuskarsa. Ta shafa goshi, ta shafa kunci, ta fashe da wani irin kuka mai haɗe da faɗa, tana dukan kafaɗarsa tana ƙara ƙanƙame shi. Umma ta ja Auta suka fito.

Ba a rana ɗaya 'yan'uwan suka koma hira ba. Sun yi kwanaki gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Amma a yammacin ranar Abba ya kira Auta.

"Aikin naku ya tafi bugu?"

"Gobe da safe, Abba."

"Ku mai da hoton. Sai dai ban yarda da Baba Mai Jita shi kaɗai ba, kamar wanda ba shi da kowa. A rubuta sunansa na yanka, da na mahaifinmu a gaba." Ya gyara zama. "Shi kuma yaron, ya yi laifi da ya ɓoye. Amma na tambaye shi a lokacin da ƙarya za ta fisshe shi, bai yi ba. In kun karɓi sakamako ya turo manyansa."

Ta kira Edita nan take. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Ka goge tsohon bangon?"

"Na cire shi kamar yadda kika ce. Gogewa kam na kasa."

"To buɗe shi. Akwai gyara a kanu, kuma wannan karon ni zan faɗa, kai ka rubuta."

Mujallar ta fito da dattijon a bango, Malama ta riƙe kwafi ɗaya don nuna wa 'yan baya. Da Auta ta karɓi shawarar bango biyu, da ta ci makinta cikin sauƙi, Baffa kuma ya ƙarasa rayuwarsa a ƙarshen lungu, uwarsa ba ta sake taɓa fuskarsa ba. Ta haƙura da abin da take so, ta bi mahaifinta ba tare da ta yaudare shi ba, ta kuma ƙi wulaƙanta tsohon da ta yi wa alkawari. Wanda ya riƙe gaskiya da haƙuri a gidansu, sau da yawa abin da ya saki yakan dawo masa, har da wanda bai san ya rasa ba.