Gurbin Mai Tsamiya

Da almuru ne. Inna Kaltume na tankaɗe a tsakar gidanta na Bodinga, sai jikarta Mansura ta fito tana tsaki. Wayarta na ganin wayifai, amma sai ta tsaya neman adireshi, ta gaji ta saki.

Aka kira Nura, wanda ya haɗa musu na'urar. Ya duba, ya ce akwatin wayifai ne ke ba kowace waya gurbi, kamar lambar gida, kuma guraben duk sun cika, alhali wayoyin gidan ba su taka kara sun karya ba. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san inda ya buga ƙusar eriya: jikin tsamiyar bayan ɗaki, da magariba, ba bisimilla, bayan ta hana shi.

Nura ya goge duk wanda ke ciki, ya kashe ya kunna. Wayar ta shiga.

Bai kai zaure ba jifa ya fara. Duwatsu na sauka kan kwanon rufi, ba a ganin mai jefowa. Kaji suka yi tsit. Mansura ta sulale ƙasa, idanu a kafe, tana numfashi irin na tsoho.

Washegari Inna ta aika garin Shagari aka ɗauko Malam Ubaidullahi. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Ƙusa kunka buga muna a ƙofa. Munka fito ba masauki. Akwatin ga na ba duk mai zuwa gurbi, munka shiga. Kunka kore mu. To, na samu ɗiya."

Malam ya ce wa aljanin ya fita, za a cire ƙusar. Aljanin ya ce sai ramin ƙusar ya rufe zai koma gida. Kafin nan ina zai zauna?

Inna ta miƙe tsaye.

"Jikata ba masauki ba ce. Gurbi guda, cikin akwati. Ba ƙari."

Sai Mansura ta yi atishawa, ta fashe da kuka da muryarta.

Nura ya zare ƙusar, ya keɓe gurbi ɗaya da ba za a ba kowa ba.

Mansura ta warke. Amma kullum da almuru, ko an kashe wayoyin gidan kaf, fitilar akwatin na ƙiftawa. Inna kan zagaya bayan ɗaki ta sa yatsa a jikin tsamiyar. Damina ta zo ta wuce, ramin bai rufe ba.