Wa Yake Ba Lambun Zinariya Ruwa?

"Sati uku rabona da wayar nan, Zinariya. Wallahi ko taɓa ta ban yi ba."

Zinariya ta ɗago ta dubi Muttaƙa, saurayinta, wanda ya taso tun daga Djougou ya iske ta a zauren gidansu na unguwar Banikanni a Parakou bayan la'asar. Ta yi murmushi, don ta ɗauka tsokana ce. Sai ya ciro wata 'yar waya mai maɓallai ya ajiye a kan tabarma.

"Da wannan nake kiranki. Babbar tana hannun Baba Malam."

Wata shida ke nan suna da lambu ɗaya su biyu a cikin wani wasa na waya. A shuka, a ba da ruwa, a cire ciyawa, a girbe. A bakin lambun akwai ɗan allo da abokan noma ke bar wa juna saƙo. Yara ke yinsa a fili, manya kuma su juya baya su yi abinsu. Ita tana shagon atamfar mahaifinta a Parakou, shi yana taya mahaifinsa, Malam Abdulgani, koyar da karatu a Djougou, lambun nan shi ne wurin haɗuwarsu.

"To wa yake ba lambun ruwa?" ta tambaya. "Jiya an cire ciyawa! An ma sake wa tumatir wuri!"

Muttaƙa ya zaro ido.

"Na ɗauka a akwatin littattafai ya kulle ta..."

"Innalillahi!"

Ta dafe ƙirji. Kullum sai ta bar saƙo a allon nan. Da ta ga ba a amsawa, kuma ga shi an ɗage sa ranarsu ba a faɗi dalili ba, sai ta ɗauka fushi yake yi, ta ƙara wa kalaman zuma. Yanzu tana ta lalube a ranta, ta kasa tuna wanne ta rubuta, wanne ta goge.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Kunya, mon cœur, zuciyata. Ƙato kamata a karɓe masa waya? Latifa ce ta kai magana. Wai matar da zan auro wuni take tana wasan yara, ba za ta riƙe gida ba."

Latifa 'yar goggonsa ce, a gidansu ta tashi, kuma kowa ya san inda idonta yake.

"Yanzu an fasa ke nan?"

"Ban sani ba. Cewa ya yi a kawo ki ranar Asabar."

Goggo Rakiya, ƙanwar mahaifin Zinariya, ita ta raka ta. Tun daga tashar Parakou har Djougou take mita a cikin mota.

"Ina aka taɓa kiran yarinya gidan surukai kafin aure? Ke kuma, da girmanki, kin rasa abin yi sai shuka albasar da ba a miya da ita!"

Zinariya ta kafe ido a kan taga. Ta rasa ma abin da za ta ji tsoro: a fasa auren, ko a haɗa ido da tsohon.

Suka iske Malam a kan buzu, littattafai a damansa, wayar Muttaƙa a bisa matashi kamar wata baƙuwa. Muttaƙa na rakuɓe a gefe. Latifa kuwa ta kawo ruwa, ta ƙi fita. Zinariya ta durƙusa tun daga bakin ƙofa, ta ja mayafi har kan hanci.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Matso."

Bayan an gama gaisawa ya ɗauki wayar da hannu biyu.

"Iyayen yara sun dame ni da tambaya, wai wasan nan ya dace ko bai dace ba. Sai kuma aka kawo mini ƙararki a kansa. Ni ba na hukunci a kan abin da ban gani ba, shi ya sa na karɓa."

Ya gyara zama.

"Ban ga caca ba, ban ga tsiraici ba. Yaro zai iya yi bayan ya ba da hadda, amma babba ya sa ido, tunda akwai wurin rubutu. Sai dai akwai ƙarya a ciki. Shekara talatin na yi ina noma a ƙauyen Pélébina kafin gwiwa ta zaunar da ni, ban taɓa ganin masarar da ta nuna kafin shayi ya huce ba!"

Goggo Rakiya ta ƙunshe dariya.

"Manya kuwa, su ne abin tsoro. Shekaranjiya ɗalibai sun zauna suna jirana, ina nan ina korar fara daga alayyaho."

Zinariya ta kasa gane inda aka dosa. Yabo ne? Faɗa ne?

"Saƙonninki kuma..."

Shi ke nan. Ta runtse ido.

"Ni ajami na iya, boko bai kama ni ba."

Wani sanyi ya ratsa ta, har ta kusa yin hamdala a fili.

"Shi ya sa kullum da hantsi nake sa Latifa ta karanta mini."

"Wayyo Allah..." Ta kifa goshi a kan tabarma.

"Baba, ai ka ji da kunnenka!" Latifa ta cafe. "Mon chéri, hasken idona, numfashina... Wace 'yar mutunci ce za ta rubuta haka?"

"Wadda ta rubuta wa wanda za ta aura, ba mu ta rubuta wa ba. Mu muka leƙa, kuma na nemi gafarar Allah. Amma akwai na ranar Talata. Na ga layi huɗu, kika karanta mini biyu. Sai na kai wa Malam Sabiou na makarantar boko. Karanto shi yanzu, duka."

Latifa ta karɓi wayar. Ta fara karantawa a hankali.

"Masoyina, idan Baba Malam ya ce a'a, kada ka ɗaga masa murya saboda ni. Zan yi kuka, ban san ranar dainawa ba... amma ba zan shiga gidan da na raba ɗa da mahaifinsa ba."

Latifa ta ajiye wayar ta fice. Muttaƙa ya juya fuska ga bango yana goge ido da hannun riga, shi da bai taɓa ganin saƙon ba sai yau.

Zinariya ta fashe da kuka, kunya da tsoro da so duk sun cakuɗe mata.

"Daina kuka, 'yata." Malam ya juya ga Goggo. "Hajiya Rakiya, ki gaya wa yayanki Alhaji Hamisu muna tafe ranar Juma'a. Bayan ƙaramar salla za a ɗaura, in Allah ya yarda."

Goggo ta rangaɗa guɗa, ta manta a gaban malami take.

Muttaƙa ya matso a hankali, ya miƙa hannu wajen matashin.

"Baba, to wayar..."

Malam ya riga shi ɗauka, ya zura ta a aljihun gaba.

"Na ba ka mata, ka bar mini gona. Kuɓewata gobe za ta nuna."