Hancin Khaulat

"Ki tsotse mata hancin nan, Zakiyya! Ba ki ji yadda take numfashi ba?" in ji Inna, mahaifiyar Zakiyya.

Zakiyya ta ƙara rungume Khaulat, 'yar marigayiya yayarta Indo, wadda mura ta toshe wa hanci. Ta ɗauki tsumma mai tsabta.

"Inna, zan share mata da wannan..."

"Tsumma! Ku duka da baki na tsotse maku, wa ya mutu?"

Haushi ya kama Zakiyya. Tun da ta dawo daga awon ciki a Wara take bayani, kamar da bango take magana. Malamar asibiti ta ce akwai wata cuta, CMV, da ke ɓuya a miyau da majinar ƙananan yara, su kuwa garau. In ta kama mai ciki, jariri na iya zuwa kurma. Ga shi cikin nan sai da ta yi shekaru tana roƙonsa.

"Cutar da ba a gani?" Inna ta taɓe baki. "Faɗi gaskiya dai. Kin samu naki, ɗiyar Indo ta zama abin ƙyama."

"Inna! Ni? Ni da na goye ta tun ranar da aka binne uwarta?"

Kuka ya ƙwace mata. Daidai nan mijinta Hafizu ya yi sallama, ya dawo daga bakin ruwa, wandonsa jiƙe, yana ƙarnin kifi. Ashe ya ji komai daga zaure.

Ya wanke hannu, ya durƙusa, ya karɓi yarinyar, ya kafa baki a hancinta. Ya tsotsa, ya tofar, ya kurkure.

"Subhanallahi! Namiji?" in ji Inna.

"Ni ba ni da ciki, Inna," ya ce yana goge baki, sannan ya juyo ga Zakiyya. "Sai ki yi haƙuri, abar ƙaunata, ni ma yau kar ki sha ruwa a kofina."

Khaulat ta ja numfashi sakayau. Don murna ta ciro guntun ƙosan da take tsotsa, ta miƙa wa Zakiyya a baki kamar kullum.

"Mama, am!"

Zakiyya ta datse leɓɓanta. Ta sumbaci tsakar kan yarinyar, hawaye na ɗiga cikin kitsonta.

Ɗan hannun nan bai sauka ba, yana nan a miƙe yana jira. Inna ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta matso, ta buɗe baki.

"Kawo nan, 'yar nema. Mamanki na azumi sai ta haihu."