Ƙofar Baya ta Hagu

Rana ta yi ja lokacin da na karɓo kwalin daga ofishin masu kawo saƙo. Kwana tara ina jiran sa. Na ɗaure shi a bayan babur, na kama hanyar gareji ina ta duba agogo, don na yi wa Yaya alkawarin motarta za ta kwana a ƙofar gida.

Ba alkawarin burga ba ne. Da wannan motar ake kai Mama wankin ƙoda sau biyu a mako. Tun da ta tsaya muke fama da motar haya, har ranar Litinin direban ya makara, layin Mama ya wuce. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi sai a zaune. Likita ya ce kada a kuskura ta rasa na gobe da ƙarfe bakwai. Ni kuwa da ake kira gwanin wutar mota, babur kawai gare ni.

Ciwon motar na riga na gano shi. Waifa mai share gilashi takan tashi babu ɗigon ruwa, ham ya yi ta kuka shi kaɗai, gilasai suka ƙi sauka, daga ƙarshe ta ƙi sanin makullinta. Na bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Batir ma garau. Da na jona na'urar bincike, ƙwaƙwalwar inji ta amsa, amma ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke kula da jikin mota, wato fitilu da ƙofofi da gilasai, ta yi gum. Na ciro ta daga ƙarƙashin dashbod, na ga haƙoranta duk sun yi kore. Na ɗaga kafet, sai ga busasshen taɓo har da bawon dodon koɗi ƙanana. Motar ta taɓa kwana cikin ruwa. Mijin Yaya ya same ta wata takwas da suka wuce yana ta washe baki wai ya yi tsintuwa, ya manta araha ba ta ado.

Na iso gareji kowa ya rufe, sai Baba mai faci da ke tattara tayoyinsa. Na kwanta a ƙasan sitiyari da tocila a baki, ina share filogi kafin in saka sabuwar ƙwaƙwalwar da ke cikin kwalin. A nan na ci karo da abin. Wani ya ɗauko guntun waya, ya ƙulle layin ƙofar baya ta hagu, ya naɗe da jan tef. Ma'anarsa, ko me ƙofar nan ta yi, ƙwaƙwalwa za ta ji a rufe take.

Ni mutum ne da ba ya ƙaunar ƙulle-ƙulle. In na ga irin wannan aikin, ji nake kamar an zage ni. Na fito ina masifa, na nuna wa Baba, na ce ga aikin 'yan koyo masu ɓata mana suna. Ya sa tabarau, ya duba ƙullin da kyau, ya ce hannun da ya naɗe wannan ba hannun ɗan koyo ba ne, kuma mutum ba ya ɗaure akuyar da ba ta ɓarna. Na ce masa ya tsaya a kan tayarsa. Na sa filaya na datse wayar, na mayar da layin yadda masu ƙera motar suka yi shi. Baba ya ce Allah ya ba mu alheri, ya tura kekensa ya fita.

Saura aiki ɗaya, shi ne mai haɗarin. Sabuwar ƙwaƙwalwa a wofi take zuwa, sai an ɗora mata karatun motar daga na'ura. Minti goma sha huɗu ne. A cikinsu ba a kashe makulli, ba a taɓa waya, ba a buɗe ƙofa. In karatun ya yanke a tsakiya, ƙwaƙwalwar ta mutu ke nan, sai a jira wasu kwana tara. Na jona caja a batir, na shiga na zauna, na ja ƙofa. Gilasai a rufe suke tun ranar da tsohuwar ta mutu.

Kafin in danna maɓallin farawa, Yaya ta kira. Tana tambayata ko an dace, ni kuwa ba muryarta nake ji ba, numfashin Mama nake ji a bayanta, yana fita da ƙyar. Na ce ta kwantar da hankali. Na danna.

Kashi biyar cikin ɗari. Kashi tara. Cajar tana gurnani a waje. Hasken magariba yana janyewa daga bakin ƙofar gareji.

A kashi ashirin na ji wari. Warin taɓon ƙasan kogi, mai sanyi, irin wanda ke maƙale a maƙogwaro. Na ce kafet ne da na tayar.

Sai fitilar rufi ta kama. Ta mutu. Ta sake kamawa.

Na kalli na'ura. A gefen fuskarta akwai layin da ke nuna halin ƙofofi. Ƙofar baya ta hagu: a buɗe. A rufe. A buɗe. A rufe. Ban juya ba, amma ta madubin gefe ina ganin ƙofar a rufe ruf.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Duk mai gyaran mota ya san wannan ƙarar. Ƙarar hannun ƙofa ce, in ana jan sa daga ciki alhali makulli ya ƙi saki.

Sai a lokacin na gane wa na zaga. Mai jan tef bai gyara komai ba, kuma bai ce ya gyara ba. Ya dai toshe wa motar baki ne don ta daina faɗin abin da take ji. Wata takwas ana jan hannun nan, a daidai gefen da Mama ke zama.

Kashi arba'in da ɗaya.

Sanyi ya taɓa tafin ƙafata. Na sauke ido. Ruwa ne baƙi, yana tsattsafowa daga ƙarƙashin kafet, ya rufe takalmina.

Kujerar baya ta yi ƙara, irin ta wanda ya matso gaba. Numfashi ya sauka a bayan kunnena, jiƙaƙƙe.

"Direba."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da baki cike.

"Direba, buɗe."

Hannuna ya kai kan ƙofata da kansa. Ja ɗaya, ina waje. Ja ɗaya kuma, ƙwaƙwalwar ta mutu, Mama ta yi kwana tara ba wanki. Na janye hannun, na danne shi a ƙarƙashin cinya. Na ɗaga na'urar sama da ɗayan, kada ruwa ya taɓa ta.

Ruwan ya kai gwiwa. Kashi sittin.

Duk addu'ar da na sani na karanta, wasu na haɗa kansu da wutsiyar wasu. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba, har fitsari ya kusa kufce mini.

Ƙas. Ƙas. Ƙas-ƙas-ƙas.

"Ya ƙi buɗewa," in ji ta. "Akwai ruwa."

Ban san inda na samo murya ba. Na ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Gyara nake. Saura kaɗan."

Jan ya tsaya. Yatsu masu sanyi suka sauka a kafaɗata, suka riƙe.

Kashi tamanin da biyar. Ruwa a ƙirji.

Casa'in da biyu. Ya kai haɓa. Na miƙe wuya, na manna na'urar da rufi.

Casa'in da bakwai. Ya shiga hanci. Ɗanɗanon taɓo.

Ban ƙara ganin lamba ba. Ƙarar na'urar kawai na ji ta cikin ruwa, ƙit, alamar ta gama. Na laluba jikin ƙofa da yatsa, na sami maɓallin sakin makullai, na danna.

Makullai huɗu suka yi tsalle lokaci ɗaya.

Ƙofar baya ta hagu ta wage har ta daki bango. Yatsun suka sake ni. Na tura tawa, na faɗo ƙasa ina tari ina amai.

Da na dawo hayyacina na shafa rigata, a bushe take. Kafet a bushe, kujeru a bushe. Amma a simintin gareji akwai sawun ƙafa jiƙaƙƙe, ƙanana, ba takalmi, tun daga ƙofar baya har bakin titi. Ina kallo suna bushewa ɗaya bayan ɗaya.

Na murza makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Na sauke gilasai huɗu duka, haka na tuƙa ta har gida.

Masu sani sun ce matacce ba ya dawowa, aljan ne ke aron muryarsa. Ban yi musu ba, ni dai wayar mota na karanta. Amma tun ranar, ba na ɗora wa ƙwaƙwalwa karatu sai akwai ido a kusa, ba na taɓa motar da ta kwana cikin ruwa bayan la'asar, kuma in na ga ƙullin wani, sai na tambayi abin da ya ɗaure kafin in ɗauki filaya. Baba mai faci bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ce masa ya tsaya a kan tayarsa ba kuma.

Washegari da sassafe ni na kai Mama. Ban gaya wa kowa komai ba. Ni da Yaya muka tallafe ta, muka zaunar da ita a baya. Na so in mayar da ita gaba, ta ce a bar ta a wurinta. Muna hawa titi na gan ta ta madubi tana shafa kujerar gefenta, ta daɗe tana shafawa.

"Auta," ta ce, "ka buɗe mata ke nan."

Sitiyari ya kusa kuɓuce mini. Yaya ta juyo tana tambayar wace ce, Mama ba ta ko kalle ta ba.

"Wata takwas tana riƙe mini hannu in an dawo da ni a galabaice. Kullum sai na ce mata ta ƙara haƙuri, ɗana mai gyara ne." Ta jingina kai, ta lumshe ido. "Allah ya yi maka albarka. Taka mota, kada mu makara."