Ashanar Ogden

Da safiyar goma ga Mayun 1977 aka fito da gawar tsoho Wilf Tattersall daga wani ƙonannen gida a Layin Pym, cikin Salford. Ko'ina warin kananzir. Kafin rana ta take an kama mai gidan, Cyril Ogden, wanda ya daɗe yana korar 'yan hayarsa. Mugu ne, ba wanda ya tausaya masa.

Bayan sati biyu waƙar "Ashanar Ogden" ta cika gari. Matasan nan masu kiɗan punk, masu yaga riga su liƙe da fil, su suka yi ta. Shari'a ta matso, ɗaurin rai-da-rai na jiran Ogden.

Sufeton 'yan sanda Doreen Hesketh ta tsani hayaniyar matasan, amma ta sayi faifan. Da ta karkata shi ga haske sai ta ga an karce 6-5-77 kusa da ramin tsakiya. Ta fita neman wanda ya karce shi.

Ta fara da Alf Brindle, mai yanka faifai, wato mai ɗora waƙa a kansa.

"Hannuna ne, 'yar nan. Duk wanda na yanka sai na karce ranar da allura."

"An rera waƙar gobarar ke nan kwana huɗu kafin ta tashi."

"Ni yanka nake, ba na saurare. Wannan har waƙa ce?"

Mawaƙin, Gaz Nuttall, a asibiti ta same shi, idanu rawaya.

"Ina kake ranar goma?"

"Kan gadon nan, tun bakwai ga wata. Ciwon shawara. Masoyanmu yawu suke tofa mana in kiɗa ya yi daɗi, na wani ya faɗa min a baki."

"Wa ya rubuta waƙar?"

"Vernon, manajanmu. Ya ce gidan kango ne, ko ba daɗe sai ya ci wuta, gara mu riga kowa."

"Ka san Wilf?"

"Kakana ne. Ni na gaya wa Vernon tsohon ya tashi daga gidan, ashe taurin kai ya mayar da..." Bai ƙarasa ba, ya kafe ta da ido.

Vernon Pyke ya tarbe ta da murmushi, sanye da safar hannu. "Yaushe waƙa ta zama laifi, ranki ya daɗe?"

"Waƙar ta ambaci layi, ta ambaci kananzir, har ƙofar baya, amma babu gawa. Duk wanda ya rubuta bayan gobarar da mamacin zai fara. Kai ka rubuta, ka yanka faifai, sannan ka je ka gaskata waƙarka, kana zaton ba kowa ciki. Cire safar hannun nan, ba sanyi ake ba."

Ya cire a hankali. Ƙunar da ke hannunsa ko warkewa ba ta yi ba.

An saki Ogden, amma har yau in waƙar ta tashi sunansa ake ihu. Gaz kuwa bai sake rera ta ba.